Corolla 2010 'yar Amurka: 5W-20 ko 20W-50, wanne zan zuba?

Mai Corolla: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema. Sati uku ke nan da na karɓi Corolla 2010, inji 1.8, 'yar Amurka ce amma ta Kwatano ta shigo. Jiya na kai ta gareji za a yi mata juyen baƙin mai na farko, bakanike ya ce in je in sayo galan ɗin 20W-50. Da ya ɗaga bonet sai na ga a jikin murfin zuba mai an rubuta 5W-20 da 0W-20. Na nuna masa, ya yi dariya ya ce wannan na ƙasar ƙanƙara ne, in na zuba shi a Kano ruwa zai koma, inji ya buga kafin Sallah. Na ce a dakata tukuna, na dawo da abata gida. Kuɗin motar nan adashe ne da bashin ofis, ba na son in yi wasa da ita. Wanne ne daidai?

Direban Kano-Abuja: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya tsare. Bi maganar bakanikenka ka huta. Shekarata 14 a kan hanyar nan, ban taɓa zuba wani abu ba 20W-50 ba. Wancan mai kamar ruwan shayi na 'yan gayu ne.

Injiniya: Allah ya sa rai aka yi wa. Direba, wace mota kake ja?

Direban Kano-Abuja: Golf 3. Kuma har gobe tana cin Kaduna ba ta yi tari ba.

Injiniya: To ai shi ke nan. Golf 3 ta farkon shekarun 1990 ce, injinta ba ruwansa da abin da ke cikin Corollar nan. Mai Corolla, injin motarka sunansa 2ZR-FE. Yana da abin da ake kira VVT-i a kan kamshaf ɗinsa duka biyun, na shigar iska da na fitar hayaƙi. Wannan na'urar da ƙarfin baƙin mai take aiki: kwamfutar mota ta buɗe wani ɗan bawul, mai ya bi ta wasu siraran hanyoyi, ya tura giyar kamshaf gaba ko baya. Sarƙar taimin ɗin ma mai ne yake ɗaure ta. Wato a wannan injin mai ba shafawa kawai yake yi ba, aiki ake sa shi.

Su kuma lambobin. Ta farko mai W tana gaya maka yadda man yake gudu a cikin sanyi, lokacin da ka tada mota da safe. Ta biyun tana gaya maka kaurinsa idan ya kai digiri 100. A wannan zafin, mai lamba 30 kaurinsa tsakanin 9.3 da 12.5 ne a ma'aunin da ake auna shi, mai lamba 50 kuwa daga 16.3 zuwa 21.9. Na lamba 20 yana ƙasa da 9.3. Ka ga ke nan 20W-50 ya ninka abin da aka rubuta maka a murfi wajen sau biyu a zafi, a sanyi kuwa ba a magana.

Mai Corolla: Na gode Injiniya. Amma maganar zafin garinmu fa? Ita ce ta tsaya min a rai. Watan Afrilu in ya zo, sitiyari ma ba ya taɓuwa.

Injiniya: Zafin da ya dame ka bai dami inji ba. Ranar da Sakkwato ko Maiduguri suka haura digiri 40 kowa yana neman inuwa, amma inji a wajen digiri 90 yake aikinsa, a Kano ne ko a Kanada. Abin da ke riƙe shi a nan tamostat ne, wato bawul ɗin da ke tare ruwa sai inji ya yi zafi, da lagireto da fanka, ba rana ba. Ban ce yanayi ba ya ƙara wa mai ɗan zafi ba, yana ƙarawa, musamman a cunkoso da na'urar sanyaya mota a kunne. Amma ba irin ƙarin da zai sa ka tsallake daga 20 zuwa 50 ba. Kuma Amurkar nan ba duk ƙanƙara ba ce. Akwai jihar Arizona, birnin Finiks yana haura digiri 45 da bazara, Corolla na nan birjik da man da ke rubuce a murfi.

Direban Kano-Abuja: Su can titinsu kamar tabarma. Ka zo ka bi ramukanmu da lodin mutum shida da buhun albasa tukuna.

Baban Gareji: Salamu alaikum. Yarona ne yake rubuta min, ni ina ƙarƙashin mota. An karanta min abin da Injiniya ya ce, kuma karatu ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Ni na fara koyon aikin nan tun ana haɗa Fijo 504 a Kaduna. Abin da zan ce kaɗan ne. Wanda ya rubuta lamba a murfin nan, sabon inji ya rubuta wa. Motar da ta zo hannun yaron nan ta fi shekara goma tana yawo, ba mu san hannu nawa ta bi ba, ba mu san ko mai ita na can yana juye a kan lokaci ba. Ringi ya ci, metal ya ci, roba ta bushe. Ka zuba wa irin wannan mai tsinkakke, sai ta riƙa shanye shi a hankali, ba hayaƙi ba ɗiga. Mai mota kuma ba ya duba geji, wato sandar auna mai, don an ce masa man nan mai tsada ne, yana wata shida. Ranar da jar fitilar nan mai kamar buta ta kama, aikin gama ya gama. Injin Corolla da Camry da na sauke saboda haka ba zan iya ƙirgawa ba. Ban taɓa sauke inji don an zuba masa 20W-50 mai kyau ba.

Direban Kano-Abuja: Faɗa musu dai Baba! Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi.

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarku ta shan mai gaskiya ce, ban musa ba. Camry ma da kuka ambata, mai inji 2.4 ta 2007 zuwa 2009 an san ta da wannan, har kamfanin ya amsa, ya riƙa canza wa mutane fistin da ringi a Amurka. Amma ku duba abin da kuka faɗa da kanku: rashin duba geji ne ya kashe injinan nan. Da masu su suna jan sandar nan sau ɗaya a sati, da ba su zo wurinku a janye ba.

Sannan ɓarnar mai mai kauri ba ta zuwa rana ɗaya, shi ya sa ba a ɗora masa laifi. Mota ta fara ƙara da safe na 'yan daƙiƙu, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ta fara nauyi, ta ƙara shan fetur, wata rana fitilar inji ta kama, a saka kwamfuta ta nuna matsalar taimin. Sai a ce ai Corolla ce ta tsufa.

Baban Gareji: Wannan ƙarar ta safe na san ta. Na ji ta a motocin da ba su taɓa ganin 20W-50 ba, sun sauka daga jirgi da ita. Giyar kamshaf ce.

Injiniya: Haka ne Baba, wasu da ita suke zuwa. Sai dai man da yake jinkirin hawa sama ba zai rage mata ba.

Ɗan Maraɗi: Salama alaikum 'yan uwa. Ku bari in sa baki. Tawa Corolla ta Turai ta, inji 1.6, ƙanen naku ne, 1ZR. Littafinta da Faransanci yake, yana cikin mota tun da anka kawo ta. Akwai wani zane ciki, an ja layi-layi da ma'aunin zafi a ƙasa. An sa 0W-20, 5W-20, 5W-30, 10W-30, kuma an sa 15W-40 da 20W-50. Duka suna ciki. To in kamfani da kanshi ya rubuta 20W-50, mi ya sa za a ce haramun ne? Mu nan kusan kowa shi yake zubawa.

Direban Kano-Abuja: Allahu akbar. Littafin ma ya ba mu gaskiya. Injiniyan YouTube, sai a kawo wata ayar.

Injiniya: Direba, ni ban zage ka ba. In kana da hujja kawo, in ba ka da ita ka bar masu ita su yi magana.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi hattara. Direba ka janye wannan kalmar. Ba mu buɗe zauren nan don gori ba.

Direban Kano-Abuja: Na janye, wasa nake. Injiniya a yi haƙuri, ai ni da kai ba ta ɓaci.

Injiniya: Ya wuce. Ɗan Maraɗi ya kawo magana mai nauyi, kuma gaskiya ce. Littattafan Toyota na wajen Amurka, irin na Turai da Ostareliya, suna da wannan zanen, kuma 20W-50 yana ciki. Dalilin da ya sa na Amurka ya tsaya a kan 20 kawai, akwai dokar ƙasar a ciki: gwamnatinsu tana auna yawan fetur da motocin kowane kamfani suke sha, a lokacin kuma kamfanin da ya gaza yana biyan tara. Mai mara kauri yana rage shan fetur kaɗan, to idan ka tara wannan kaɗan ɗin a kan motoci miliyoyi ya zama abu. Littafin Amurkar ma da kansa ya ce mai da ya ɗan fi kauri zai iya fin dacewa idan ana gudu sosai ko ana ɗaukar kaya masu nauyi.

Don haka ban ce haramun ba ne, kuma in na ba da wannan fuskar na gyara. Amma Ɗan Maraɗi, duba min zanen nan da kyau. Layin 20W-50 daga ina ya fara ta ɓangaren sanyi, kuma wanne suka ce sun fi so?

Ɗan Maraɗi: Na duba. Layinshi gajere ne ta wajen sanyi, na 5W-30 ya tafi har ƙarshe. Kuma sun rubuta masu ƙaramar lamba sun fi wajen tada mota da sanyi da tattalin mai. Amma ta wajen zafi duka sun kai ƙarshe tare, har 5W-30 ɗin.

Injiniya: Wannan na ƙarshen shi nake so kowa ya ji. Ta wajen zafi duka sun kai ƙarshe tare. Zanen bai ce in gari ya yi zafi a gudu daga 5W-30 ba. Cewa ya yi in gari ya yi sanyi a gudu daga 20W-50.

Mai Corolla: Kaina ya fara ɗaukar zafi fiye da injin. Wato duka ya halatta ke nan?

Baban Gareji: Yaro, bar lamba tukuna. Mitarta nawa ta nuna?

Mai Corolla: 148,000 Baba. Dillali ya ce ai ba ta yi tafiya ba, wata tsohuwa ce take zuwa coci da ita.

Direban Kano-Abuja: Hahaha. Tsohuwar nan ta sayar da mota ta fi dubu a Kano. Allah ya ja kwananta.

Injiniya: Kilomita ko mil? Duba gefen lambar.

Mai Corolla: Innalillahi. Mil ne. Ni duk zatona kilomita ne.

Injiniya: Ninka da 1.6. Ta yi wajen kilomita 237,000 ke nan, in ma ba a mayar da mitar baya ba. To a nan dole in matso kusa da Baba. Da 60,000 ta nuna, zan ce maka bi murfi ka rufe ido. A wannan tafiyar da ta yi, da ƙurarmu da cunkosonmu, ni 5W-30 zan zuba. Da safe yana gudu kamar wanda aka rubuta maka, a zafi kuma ya ɗan fi shi jiki. Sai ka sa ido a kan geji.

Baban Gareji: Ni da 10W-40 zan ce, a raba rigima. Amma kafin mai, akwai abin da ban ji kowa ya tambaya ba. Yaro, idan ka murɗa makulli da safe, fanka tana tashi nan take ko sai mota ta yi zafi?

Mai Corolla: Nan take take tashi Baba, har ƙararta nake ji. Na ɗauka haka ake yi.

Baban Gareji: Allurar zafi fa, ina take tsayawa in kana kan hanya?

Mai Corolla: Can ƙasa, ba ta ko kusa da tsakiya. Dillali ma ya nuna min ita, ya ce ka ga injin sanyi ƙalau.

Baban Gareji: An haɗa mata fanka kai tsaye. Kuma ina kyautata zaton an zare tamostat. Wani ya riga ka taɓa ta kafin ta zo hannunka.

Injiniya: Baba kun gama magana. Wannan ya fi lambar mai muhimmanci, kuma ya rushe rabin abin da na faɗa a sama, don duk lissafina a kan injin da yake kai zafinsa ne. Tamostat ɗin motar nan a wajen digiri 82 yake fara buɗewa. In babu shi, ruwa yana zagayawa tun daga tashi, inji ba ya ɗumama. Kwamfuta ta ga sanyi sai ta yi ta ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya gangara ta gefen fistin ya shiga cikin mai, ga kuma raɓar da ke taruwa a ciki ba ta samun zafin da zai kore ta. Daga nan ake samun wannan baƙin dattin mai kamar kwalta a ƙarƙashin murfin inji. Yanzu ka haɗa injin da ba ya zafi da 20W-50, wato kullum man yana nan da kaurinsa na safe.

Baban Gareji: To amma kar a zagi masu cirewa da yawa. Ni ma na cire a da, ba sau ɗaya ba. Dalili, mutane ruwan rijiya suke zubawa a lagireto, tsatsa ta kama tamostat ya maƙale a rufe, mota ta tafasa a tsakiyar daji, gaskit ya ƙone. Mai mota ya dawo ya kama wuyanka. Sai ka ga cirewar ta fi maka kwanciyar hankali. Yanzu dai na daina, in dai mai mota ya yarda zai sayi na asali kuma zai zuba ruwan lagireto na galan, mai launin nan. In bai yarda ba, in ce ya kai wani wurin.

Hajiya Mai Vibe: Sannunku da ƙoƙari, ina ta bin ku tun ɗazu. Tawa Vibe 2006 ce, murfinta 5W-30 aka rubuta, kuma shi nake sa a zuba tun da na saye ta. Tambayata daban ce. Ni daga gida sai makarantar yara sai kasuwa, a wata ban fi in yi kilomita 300 ba. Amma duk wata yaron garejin sai ya ja sandar ya nuna min ya ce Hajiya ya yi baƙi, a juye. Haka ake yi, ko dai ana cin kuɗina ne?

Mai Shagon Mai: Hajiya, ni mai sayarwa ne, amfanina ne ki juye duk sati, amma tsakani da Allah duk wata ya yi yawa. Baƙi ba shi ne mutuwar mai ba. Akwai sinadarin wanki a cikinsa, aikinsa ya kwaso datti ya riƙe. Man da ya yi wata biyu a tsohon inji yana nan garau, shi ne abin tsoro.

Injiniya: Haka ne. Toyota a Amurka mil 5,000 ko wata shida suka sa wa motocin wannan zamanin, duk wanda ya riga zuwa. Mil 5,000 kilomita 8,000 ne. Injin Vibe ɗinki na Toyota ne, irin na Corolla 2003 zuwa 2008. Da ƙurar hunturu da ingancin abin da muke samu, ni a kilomita 5,000 nake juyewa. Ke kuwa Hajiya ba za ki kai wannan ba, watanni za ki ƙirga. Gajeriyar tafiya tana wahalar da mai fiye da doguwa, don inji bai gama zafi ba an kashe shi. Kar ki wuce wata shida, in kin yi a huɗu ma ba asara. Kuma lokaci-lokaci ki ɗan kai ta Zariya ko Wudil ta miƙe ƙafa.

Hajiya Mai Vibe: Madalla. Zan gaya wa Alhaji likita ya rubuta wa motar ziyarar gida.

Mai Shagon Mai: Tunda an zo wajena bari in faɗi abin da na sani. Kuna ta faɗa a kan 20 da 50, alhali babbar masifar tana cikin galan ɗin kansa. Akwai masu bin gareji-gareji suna sayen galan da aka juye, wanda bai fashe ba. Me kuke zaton suke yi da shi? Tsohon mai ake tacewa, ko a samo mafi araha, a ɗura a liƙe baki. Kuma sun fi son galan ɗin mai tsada, irin su 5W-30 da 0W-20 na sintetik, don a nan ribar take. Wannan yana cikin abin da ya sa kanikawa suke tsoron mai mara kauri. An kawo musu na jabu, inji ya lalace, sai suka ce lambar ce.

Mai Corolla, in za ka saya, je babban gidan mai ko wurin dilan kamfani. Duba hatimin baki, duba lambar da aka buga a jiki ba ta goge ba. Ka tsaya a buɗe a gabanka, a zuba a gabanka. In an gama ka sa wuƙa ka huda galan ɗin kafin ka bar shi. In ka ji farashi ya faɗi ƙasa da na kowa sosai, araha ba ta ado.

Sannan juya bayan galan ka nemi inda aka rubuta API, wato matakin ingancin man. Harafin S na motar fetur ne, C na dizal. Wanda ke biye da S ɗin, duk yadda ya yi gaba ya fi sabunta: SL na 2001 ne, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Motarka SM aka yi ta da shi, don haka SN ko SP duk sun yi. Da yawan 20W-50 da ke kasuwa a SL suka tsaya, wasu ma SG ko SF za ka gani. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi, mai SAE 40 shi kaɗai ba W, bar wa janareto.

Mai Corolla: Allah ya saka. Galan ɗaya zai isa?

Mai Shagon Mai: Lita 4.2 take ci idan an canza filta. Galan ɗinmu yawanci lita 4 ne, sai ka ƙara da ƙaramar lita ɗaya, ragowar ka ajiye a but don ciko. Ko ka nemi mai lita 5. Kar ka yarda a juye duka biyar ɗin a ciki don wai kar a yi asara.

Baban Gareji: Filtarta kuma ba irin ta gwangwani ba ce, takarda ce ake sakawa a cikin wani kofi, da zoben roba sabo. Kofin yana da sifanarsa ta musamman. In ka ga yaro ya ɗauko guduma da kurfi zai buɗe, karɓi makullinka.

Sabon Shiga: Don Allah ni Boxer gare ni, in zuba mata ragowar 5W-30 na motar yayana?

Mai Shagon Mai: A'a. Kulocin babur a cikin mai yake wanka, man mota na zamani yana da santsin da zai sa ya riƙa zamewa. Nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA.

Direban Kano-Abuja: Ni dai tambaya ɗaya. An ce in ka fara zuba sintetik ba ka isa ka koma na gargajiya ba, kuma yana sa tsohuwar mota yoyo. Wani abokina ya zuba a Sharon, kwana uku ƙasan motar ya jiƙe.

Injiniya: Komawa ba ta da matsala, suna ma haɗuwa, ai wanda ake kira rabin sintetik haɗin su ne. Yoyon kuma da ma akwai shi. Roba ta riga ta tsage, datti ne ya toshe wurin, sabon mai ya wanke dattin. Abin da zan ce Mai Corolla ya guje wa biyu ne: maganin wanke inji da ake zubawa kafin juye, don a injin da ba ka san cikinsa ba zai iya ɓamɓaro datti ya toshe rariyar famfon mai, da kuma wannan mai kamar zuma da ake ƙarawa wai don inji ya yi shiru. Gara ya yi juyen farko da wuri, a kilomita 2,000 ko 3,000, man da kansa zai yi wankin a hankali.

Mai Corolla: To na tattara. Gobe in Allah ya kai mu zan sa a duba tamostat da fanka tukuna. Zan dawo da labari.

Mai Corolla: Jama'a barkanmu da war haka, sati uku ke nan. Maganar Baba ta tabbata, da aka kwance babu tamostat, wurin fayau. An saka sabo, mai wayarin ya mayar da fanka yadda take, an wanke lagireto an zuba ruwan galan. Na zuba 5W-30 mai SN, na tsaya a kai har aka gama, galan ma na huda shi, yaron gareji yana ta harara ta. Bakanikena ya ce ba ruwansa in ta buga. Yanzu allura tana tsayawa kusa da tsakiya, ranar farko har gabana ya faɗi na faka a gefen titi. Na je Katsina na dawo, na je Zariya sau biyu, duka na yi wajen kilomita 1,200. Fetur ya ragu, wannan ba shakka. Amma geji ya sauka kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin ɗigon sama da na ƙasa. Ƙarar safe kuma tana nan, sai dai ba kullum ba.

Injiniya: Alhamdu lillahi. Wannan saukar ba ta kai rabin lita ba. Littafin motar sai ta wuce lita ɗaya a kilomita 1,000 yake kiranta matsala, kodayake ni tun kafin nan zan fara damuwa. Cika da ragowar da ke but, ka ci gaba da aunawa a wuri mai daidai, bayan ka kashe ta da 'yan mintuna. Ka rubuta lambar mita duk ranar da ka cika.

Baban Gareji: Ni kuma a wurina ta fara magana ke nan. Rubu'i a 1,200, kafin 5,000 ka zuba fiye da lita. Da 10W-40 ne da ba ta sha haka ba.

Injiniya: Wataƙila, Baba. Amma a bari a ga awo na biyu, kuma a duba bawul ɗin numfashin inji da robar murfin sama kafin a ɗora wa ringi.

Baban Gareji: Wannan kuma daidai ne, bawul ɗin ba shi da tsada. Yaro, kawo ta ranar Asabar da sassafe. Kar ka tada ta a gida ka zo min da ita da zafi, ka kawo ta daren Juma'a ta kwana a nan, ina so in ji ƙarar nan da kunnena.

Mai Corolla: To Baba, in sha Allah. Sai dai a ba ni aron babur in koma gida.

Direban Kano-Abuja: Zo in sauke ka a Golf, ka ji yadda 20W-50 yake tafiya.